Ƙullin Bahago

Ban san an cuce ni ba sai da na hau matakalar. Makarantar da aka nuna mini a takarda tun ina Jega tana da fili da itatuwa, da ɗalibai zaune a kan ciyawa suna dariya. Wadda na tarar a Dublin, babban birnin ƙasar Ailan, ɗaki biyu ce a saman shagon gyaran waya. Mun yi wata uku muna zuwa, ni da wasu 'yan Bangaladash da wata Bahabashiya, wani malami mai yawan hamma yana karanta mana littafi. Wata Litinin muka iske kwaɗo a ƙofa. Mutumin da ya shirya mini tafiyar ya daina ɗaukar waya tun daga ranar.

Da makarantar ta mutu, takardar zamana ta bi ta. Wata lauya mai taimakon irinmu ta zaunar da ni ta yi mini bayani dalla-dalla. Ta ce zan iya neman wata takardar in jira amsa, amma in na kuskura na fita ƙasar kafin amsar ta zo, to na fita ke nan, ba dawowa. Na tambaye ta jiran na wata nawa ne. Ta ɗaga kafaɗa.

Sunana Lawali. Mahaifina, Malam Gado, masunci ne a gulbin Jega, kuma mai fatsa ne, ba ya son koma, wai koma kamun marasa haƙuri ce. Mu biyu ya haifa maza, ni da Yaya Mamman. Yaya ya kama harkar albasa a Aliero tun yana saurayi, sai Baba ya sa ransa a kaina, don ni ne nake bin sa ruwa. Kafin in bar gida ya tambaye ni wa zai gaji ƙugiyoyinsa, a gaban abokansa masunta, a bakin gulbi. Ni kuwa lokacin ina ji da kaina, ga difloma a hannu, ga biza ta fito. Na ce masa ba zan ƙare rayuwata ina ƙarnin kifi ba. Ya ci gaba da ɗaura ƙugiyarsa. Daga ranar har na tafi, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Abin da nake ɗauke da shi ke nan a ƙasar mutane, ya fi jakata nauyi: in koma in durƙusa in roƙe shi gafara tun yana da rai.

Za ku ce ga waya. Baba kunnensa ya yi nauyi saboda shekarun nutso, kuma ko da yana ji, ba ya magana da wanda ba ya zaune gabansa. In na kira Yaya Mamman ta bidiyo ya kai masa wayar, sai in ga hula da gefen kunne, ya ɗaga hannu sau ɗaya, ya tashi ya ba mu wuri. Saƙo dai ta bakin Yaya yake zuwa, ta bakinsa yake komawa. Irin wannan roƙon gafara kuwa ba a aika shi.

Zangona na biyu wata gonar naman kaza ce a tsakiyar ƙasar, wannan tsiron da muke tsallakewa a juji da damina, su kuma suke nomawa a dogayen rumfuna masu duhu. Na yi hunturu guda ina tsinka shi da 'yar wuƙa. Mu takwas a gida ɗaya, banɗaki ɗaya, na'urar ɗumama ɗaki tana aiki ran da ta ga dama. A can na san cewa sanyi yana iya shiga haƙori. Mai kula da mu ya gane ba ni da bakin kai ƙara, don haka duk aikin da wani ya ƙi, ni ne. Akwai wata dattijuwa 'yar Litweniya da ba ma jin yaren juna, ita ce ta lura ba ni da safar kirki. Wata safiya na iske safa biyu na ulu a cikin takalmina. Har na bar wurin ba ta yarda ita ta ajiye ba.

Nasiru ne ya fitar da ni. Ɗan Maiyama ne, nas a wani asibiti a yammacin ƙasar. Mun haɗu a masallacin Juma'a, ya ji na yi tuntuɓe na ce wani abu da Hausarmu, ya juyo kamar an kira sunansa. Shi ya samo mini aiki a wani ƙaramin otal a bakin tabki, wanke-wanke da yankan albasa. Albasar tasu ƙatuwa ce fara, ba yaji ba ƙamshi, mutumin Aliero ko kyauta ba zai ɗauka ba. Amma ina yankawa ina hawaye, ba wanda ya tambaye ni dalili.

Tabkin ya fi ƙarfin abin da nake kira tabki. Ba a hango ƙarshensa, ga tsibirai, ga duwatsu a ɓoye ƙarƙashin ruwa. In na tashi aiki sai in je in tsaya a bakinsa, ni da na rantse na gama da ruwa. Wata rana aka yi ruwan sama, na ga wani tsoho yana fama da kwalfe jirginsa da bokiti, yana yi yana dafa ƙugu. Na karɓi bokitin na kwalfe masa. Da na gama na ɗaure masa jirgin a turke. Ya sunkuya ya daɗe yana duban ƙullin, sannan ya tambaye ni wa ya koya mini. Na ce babana. Ya ce to babana mutumin ruwa ne.

Sunansa Tomas. Ya haura saba'in, matarsa ta rasu, 'ya'yansa biyu suna Ostireliya. Sana'arsa fita da baƙi masu son kamun kifi, da ɗaura musu abin da za su kama kifin da shi. Na ce zan riƙa kiran sa Baba Tomas, don a wurinmu ba a kiran sa'an uba da suna gatsal. Ya ce in kira shi duk abin da na ga dama, in dai zan riƙa tuƙa masa jirgi ranar hutuna.

Da watan Mayu ya kama, sai ƙauyen duk ya rikice. Motoci suka cika gaban otal, tsofaffi masu manyan muƙamai suna yawo da huluna cike da ƙugiyoyi, kowa tambayarsa ɗaya: ya tashi? Ƙwaro suke nufi. Ƙwaron Mayu suke ce masa. Baba Tomas ya yi mini bayaninsa muna cikin jirgi. Tsutsa ce a cikin laka a ƙasan tabki, takan yi shekara ɗaya ko biyu a can. In ruwa ya fara ɗumi sai ta taso sama, ta yi saɓa a fuskar ruwa, ta fito da fuka-fukai, launinta tsanwa-tsanwa mai rawaya. Ta ɗan tsaya fiffikenta ya bushe, ta tashi zuwa cikin itatuwan bakin gaɓa. A can ta sake saɓa, ta koma fari da baƙi. Da yamma su yi ta rawa a saman itatuwa, su yi barbara, matan su dawo kan ruwa su zuba ƙwai, su faɗi fuka-fukai a shimfiɗe, su mutu. Ko bakin cin abinci ba su da shi. Duk manyan kifayen tabkin, wani iri mai ɗigo-ɗigo da suke kira tirawut, waɗanda shekara guda ba a ganin su, sai su taso sama suna cin wannan ƙwaro.

Na ce masa ai mu ma muna da shi, gina muke ce masa, ran da aka yi ruwan farko yake fitowa daga suri, kawara ta yi ta tsalle a gulbi. Baba yakan soka biyu a ƙugiya ya bar iska ta kai su. Baba Tomas ya buga cinya, ya jawo wata doguwar sanda mai zare kamar auduga, ya ce ga irinta nan. Su ma sukan soka ƙwaro biyu masu rai, iska ta ɗauki zaren, ƙwarin su riƙa taɓa ruwa suna tashi, zaren bai jiƙe ba. Na riƙe sandar, hannuna ya gane aikin tun kafin ya gama bayani.

Amma abin alfaharinsu ba mai rai ba ne, na ƙarya ne. Da zare da gashin tsuntsu ake ɗaura shi a jikin ƙugiya, kuma kowane mataki na rayuwar ƙwaron da irin nasa. In da iska da igiyar ruwa, kifi yana cin masu tasowa, sai a sa mai laushin gashi wanda ke nutsewa kaɗan, a jefa gaban jirgi, jirgin yana tafiya a karkace da iska, a riƙa jawo shi a hankali, a ɗaga sanda ya yi rawa a kan igiyar kafin a sake jefawa. In ƙwarin suna zaune a sama suna shanya fiffike, sai a sa mai gashin barewa wanda ba ya nutsewa, a ajiye shi a gaban kifin da aka ga ya taso, a bar shi kurum. In kuwa yamma ta yi, iska ta kwanta, matattun sun zubo, sai a sa baƙi da fari mai shimfiɗaɗɗen fiffike, a tuƙa jirgi ba motsi, a bi kifi ɗaya ana lura da inda ya nufa. Wannan na ƙarshe shi ne mai wuya, kuma shi ne ke kama manya.

Kuskurena na farko garaje ne. Kifi na taɓa ƙwaron sai in fizge, kamar yadda ake yi wa kawara, in tsinci ƙugiya a bayan wuyana. Baba Tomas ya ce in bari kifin ya rufe baki ya juya kansa ƙasa tukuna, in ƙirga uku a zuci, sannan in ɗaga sanda. Na yi asarar kifi bakwai kafin hannuna ya yarda. Na takwas da na kama, tsawonsa ya kai kamu ɗaya, na riga na fara tunanin yaji da mai. Sai tsohon nan ya zare ƙugiyar, ya riƙe kifin a cikin ruwa har ya farfaɗo, ya sake shi. Na ce masa in aka yi haka a Jega sai an kai mutum wurin malamai a yi masa addu'a. Ya yi dariya har da tari.

Azumi ya faɗo a cikin watan a shekarar, ga rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi. Kwana uku ina lura Baba Tomas bai buɗe kwandon abincinsa a jirgi ba. Da na yi masa magana sai ya ce wai ba ya jin yunwa. Mutumin da na sani da shan shayi sau shida a wuni.

Da hunturu ya dawo, ya fara koya mini ɗauri a rumfarsa. Akwai ɗan matsi na ƙarfe da ke riƙe ƙugiya, a fara naɗa zare daga kai zuwa gindi, a ɗaura jela da silin gashi uku, a naɗa jiki, a kewaya gashin wuya, a ƙulle a kai. Ƙullin kan nan shi ne ya fi ba ni wahala, nawa kullum sai ya yi sako-sako. Cikin gashin da yake amfani da shi na ga na zabo, a 'yar leda, daga kanti. Yakan rina shi da ɓawon albasa ya koma ruwan zuma. Na ce masa babana yana kiwon zabi a bayan gida, gashinsu ya fi wannan kyau nesa ba kusa ba. Gaskiya ban san ko ya fi ba. Hanya nake nema. Na san in na aika wa Baba cewa ina kewarsa ba zai amsa ba, amma in na roƙe shi abin kamun kifi, wannan magana ce da yake ji.

Nasiru yakan je gida duk ƙarshen shekara, sai na aika wa Baba roƙon gashin ta hannunsa. Da ya dawo ya miƙo mini wani ɗan ƙunshi a tsumman atamfa, an ɗaure shi da zaren fatsa. Na kai rumfa ban kwance ba. Baba Tomas ya sa tabarau, ya juya ƙunshin a hannunsa, ya ce wanda ya ɗaure wannan bahago ne. Ya nuna mini yadda naɗin ya bi ta hagu, ya kuma nuna bakin zaren, ya ce da haƙori aka datse shi, ba da wuƙa ba. Baba bahago ne. An yi ta dukan hannun a makarantar allo har ya koyi ci da rubutu da dama, amma ƙulli bai taɓa yarda ya bar hagu ba. Shekara ashirin ina kallon sa yana ɗaura ƙugiya ban taɓa lura naɗinsa ya saɓa wa na kowa ba, sai da wani Bature ya nuna mini. A ciki gashin zabo ne an wanke, an jera su tsawo ɗaya, an ware na wuya daban na baya daban. Ba wasiƙa, ba saƙo. Ni dai na san an amsa mini.

Mayu na biyu, da gashin zabin Baba na kama kifin da har yau ake maganarsa a otal ɗin. Na ɗaura ƙwaron da kaina, jiki ruwan zuma, wuya na zabo, na jefa shi a gefen wani tsibiri da hantsi, iska tana kaɗawa daga yamma. Na ƙirga uku. Da muka sake shi, ni na riƙe shi a ruwa har ya farfaɗo. Na cire ƙwaron daga zare na adana, na ce wannan na Baba ne.

Bayan damina Yaya Mamman ya kira ya ce Baba ya zame a gangaren gulbi, ƙugu ya karye, sun kai shi wurin masu ɗori a Aliero. Ya ce da sauƙi. Na koma wurin lauya, ta ce takardata ta kusa, wata uku ko shida, kada in yi wauta yanzu. Da Nasiru zai tafi a ƙarshen shekara na sa ƙwaron a kwalin ashana na ba shi, na ce ya danƙa a hannun Baba, ya faɗa masa da ƙarfi a kunnen dama cewa ni na ɗaura, kuma ya kama kifi.

Kwana huɗu da tafiyarsa na kira Yaya. Na tambaye shi ko Baba ya gani, me ya ce, kuma in taho ne?

Ya ce, “Ya gani. Ya ce ka yi ƙoƙari, Allah shi yi ma albarka. Ya ce ka zamna har takardarka ta hito, kak ka taho.”

Zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Daɗi na ji. Na ji an sauke mini kaya, an ba ni albarka, an kuma ba ni izinin zama. Ban tsaya na tambayi kaina yaushe Baba ya fara cewa mutum ya yi ƙoƙari ba. Mutumin da in ka kamo giwan ruwa zai ce ka bar ƙugiya ta yi tsatsa.

Nasiru ya dawo da wani ƙunshin a irin tsumman, ya ba ni a tsaye a tashar mota, ya ce yana sauri, aiki gare shi. Daga nan ya rage zuwa inda nake. Ni kuwa na ajiye ƙunshin a kan taga ban kwance ba, tunda na farko bai ƙare ba, ina so in buɗe shi ran da ƙwaro ya tashi. Duk Juma'a ina kiran Yaya. Yau Baba yana barci, gobe an kai shi Alelu wurin ƙanwarsa ya huta, jibi ba sabis. Amma saƙo bai yanke ba. Baba ya ce a gaishe ka. Baba ya ce yaya sanyi. Baba ya ce ka riƙe salla. Wata biyar ina karɓa ina godiya.

Ƙwaro ya tashi a sati na biyu na Mayu. Da safe na ɗauki ƙunshin na tafi rumfa, na ajiye shi a kan tebur ina cire riga. Baba Tomas ya sa tabarau ya ɗauka, yana murmushi, yana cewa bari ya gaisa da abokinsa bahago. Sai na ga murmushin ya tsaya. Ya juya ƙunshin, ya sake juyawa.

Ya ce, “Lawali, wannan ba hannunsa ba ne.”

Na karɓa. Ƙullin irin na Baba ne, an yi ƙoƙarin kwaikwayo, naɗi biyar da maɗauki, amma ta dama ya bi. Bakin zaren kuwa a yanke yake tsaf, da reza. Baba Tomas ya fara cewa wataƙila ciwon ne ya hana shi, sai ya dubi fuskata ya fasa. Ƙugu ne ya karye, ba hannu ba. Kuma in dai Baba yana numfashi, ba ya barin wani ya ɗaure masa ko bakin buhu.

Na fita bakin tabki na kira Yaya. Yana kasuwar Aliero, ina jin hayaniyar masu lodin albasa. Ban gaishe shi ba. Na ce masa wa ya ɗaure gashin zabin nan.

Na ji ya matsa inda ba mutane. Ya ce, “Lawali, ka yi haƙuri.”

Na ce yaushe.

“Kwana goma sha biyu bayan zuwan Nasiru. Da sahe, bayan ya yi salla. Nan gida munka yi mai sutura.”

Ya ce manya ne suka zauna, da Kawu da limamin unguwa, suka yanke cewa kada a faɗa mini sai na dawo da ƙafata, kamar yadda aka saba yi wa wanda ke nesa. Suka roƙi Nasiru ya rufe bakinsa. Wai kada in ruɗe a ƙasar da ba ni da kowa, kada in watsar da wahalar shekara uku in taho ga kabari. Na san al'adar. Ni kaina an taɓa sa ni na ɓoye wa wani ɗan unguwarmu da ke Sudan rasuwar uwarsa, na kuma ga kamar alheri muke yi masa.

Na ce to maganar da ya ce Baba ya yi, ta albarka, da cewa in zauna?

Yaya Mamman ya fashe da kuka, mutumin da ban taɓa jin kukansa ba. Ya ce, “Ba haka yac ce ba. Ya daɗe shina dubin abin ga, yaj juya shi, yaj ja zaren da akaihwa. Yac ce, ƙullin kan ga sako-sako na, yaron ga har yau bai iya ba. Ku ce mai shi taho in gwada mai.” Ya ja numfashi. “Sau ukku shina hwaɗi, Lawali. Ni na hana. Na ga kamar za shi tashi. Na ce in ka taho ka rasa komi, mi za ni ce ma?”

Kwana goma sha biyu. Daga tabkin nan zuwa ƙofar gidanmu kwana biyu ne, har da jiran mota a Sakkwato. Na sha yin wannan lissafin, ba ya canzawa. Na so in zage shi, na so in ce ya kashe ni da rai, amma na tuna daɗin da na ji ran da ya ce kada in taho. Ƙaryar da ya yi mini daidai bakina ya ɗaura ta, ni kuma na haɗiye ban duba ba. Na kashe wayar.

Ban san tsawon zaman da na yi a kan dutsen ba. Baba Tomas ya sallami baƙin da suka yi hayarsa a ranar, a tsakiyar watan da yake samun abincin shekara, ya zo ya zauna kusa da ni. Sai can da la'asar ya tambaye ni yadda muke yi in an yi mana mutuwa. Na ce mukan zauna, mutane su zo su yi mana gaisuwa, a yi addu'a. Ya tashi ya tafi. Kafin magariba sai ga mutanen ƙauyen suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, mai otal, masu jirage, matar da ke sayar da burodi, kowa ya cire hula ya ba ni hannu. Nasiru ma ya zo, ya tsaya daga nesa, sai da na kira shi. Shi ya ja addu'ar. A bayansu ƙwarin suna ta zubowa kan ruwa, kifaye suna tasowa ko'ina, ba wanda ya fita da jirgi.

Takardar ta zo bayan sati shida. Lauya ta kira tana murna, na yi mata godiya yadda ya kamata.

Na sauka Jega da damina, gulbi ya cika ya yi ja. Yaya Mamman ya tare ni a tasha, ya rame, ya kasa haɗa ido da ni. Na rungume shi, don ba ni da wani ɗan'uwan, kuma na san shi ma da abin zai mutu. Muka je maƙabarta. Na durƙusa na faɗi abin da na yi shekara uku ina shiryawa, na faɗe shi da ƙarfi saboda kunnen, har masu wucewa suka tsaya.

Da muka koma gida ya buɗe mini ɗakin Baba. Zabin suna ta kuka a bayan katanga. Sandunan fatsa suna jingine a lungu, ga tabarmarsa a naɗe. Yaya ya ɗauko tsohon gwangwanin madara da Baba ke ajiye ƙugiyoyi, ya ce Baba ya bar wasiyya a ba ni, su kuma ba wanda ya buɗe. Na buɗe. Kwalin ashanar yana sama.

Ƙwarona ne, jiki ruwan zuma, wuya na zabo, gashin ya ɗan tauye inda kifi ya kama. Amma kan ba nawa ba ne. An warware ƙullina gaba ɗaya, an sake shi da baƙin zaren ɗinki, ƙanƙane, a matse. Na fita da shi tsakar gida inda haske yake. Naɗin ta hagu ya bi, bakin zaren a tauye, da haƙori. Na sa farce na ja, na sake ja, bai motsa ba.

Na zauna a bakin ƙofar na ɗauko ƙugiya ɗaya daga gwangwanin, na ce Yaya ya samo mini zare. Na ajiye ƙwaron a gwiwata ina dubawa, na mayar da zaren hannun hagu, na fara.